Kafin a Shafa wa Bangon Isiyaku Farar Ƙasa

Zuwa ga Mai Girma Babban Mai Duba Makarantu na wannan yanki namu, a ofishinsa da ke Dutsin-Ma.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya, ina fatan Yallaɓai yana cikin ƙoshin lafiya, da iyali, da dukan ma'aikatan da ke ƙarƙashinsa. Yaya aiki, yaya hidimar jama'a, yaya kuma aikin kaka? Allah ya sa dawa ta nuna lafiya, amin.

Sunana Mamman, ana ce mani Mamman Magini. Ni ne leburan makarantar elemantare ta Unguwar Gawo, a ƙasar Kurfi, gab da Wurma. Shekara goma sha tara ke nan ina yaɓe a makarantar nan, ina toshe yoyo, ina shafa farar ƙasa. Yallaɓai ya sha ganina, ko da yake ba na zaton ya riƙe fuskata. Ni ne mai biyo ka a baya da tarin makullai duk ranar da ka zo rangadi. Bokona na ajin manya ne, wanda aka koya mana a gindin durumi, saboda haka in an ga harafi ya karkace a yi haƙuri. Da hannuna na rubuta, ba wanda ya shibta mani. Na kuma ba direban lori kwafi ya kai wa masu jarida, ba don in tozarta kowa ba, sai don sau uku ina zuwa ofishinka ban samu ganinka ba, ga shi kwanaki sun ƙure mani.

Ga maganar a taƙaice. Umarni ya zo daga ofishinka zuwa ga hedimastanmu, Malam Sada, cewa babban baƙo zai zo daga Kaduna, a shafe dukan bangayen makaranta da farar ƙasa, ciki da waje. Yau saura kwana goma sha shida. A cikin bangayen nan akwai bangon gabas na tsohon aji, wanda yanzu ya zama sito, inda muke tara karyayyun bencina. Tun daga rufi har ƙasa bangon nan cike yake da rubutun gawayi, kuma rubutun shi ne aikin ƙarshe na ƙanena, marigayi Dakta Isiyaku, malamin jami'a. Ba ya cikin wani littafi, ba ya cikin wata takarda, bangon ne kaɗai. Mutumin da zai iya karanta shi ya yi alkawarin zuwa, amma sai mako uku bayan baƙonka ya tafi. Mako ukun nan nake roƙo.

Na ɗaya, bari in gaya maka wane ne mai rubutun.

Isiyaku ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, shekara huɗu na ba shi. Asalinmu mutanen ruga ne, kakanmu ne ya zauna kusa da Wurma ya haɗa kiwo da noma, har Fillancin ya tsere mana sai ɗan na kiran shanu. Lokacin da aka aiko daga wurin hakimi cewa kowace unguwa ta ba da yaro ɗaya a kai shi boko, Yallaɓai ya san yadda ake yi a wancan zamani, ba mai ba da ɗan da ke da amfani. Ni cikin rumbu aka tura ni har 'yan aike suka wuce, don na iya kiwo, na iya huɗa. Isiyaku kuwa babanmu ko musu bai yi ba, don a watan nan kaɗai sau biyu yana ɓatar da maraƙi. Ba barci yake yi ba, ba kuma wasa ba. Zama yake a bakin tafki ya tsoma sandar kiwo cikin ruwa, ya ga ta karye, ya zaro ta ya ga lafiyarta lau, ya sake tsomawa. Haka zai yi ta yi har rana ta take tsaka, shanu sun daɗe da shiga gonar mutane. Baba ya ce to madalla, ga wanda Nasara za su ɗauka, su je can su ƙarata da shi. Ni da aka ɓoye saboda amfanina, ga ni yau da buroshi a hannu. Ba ƙorafi nake yi ba, wallahi dariya abin yake ba ni in na tuna.

Na biyu, abin da ya zama.

Daga elemantare aka wuce da shi Katsina, daga Katsina gaba, daga nan Kudu, daga nan ya hau jirgin ruwa zuwa Ingila, ya shekara bakwai. Wasiƙunshi sukan zo jefi-jefi, a karanta wa Inna, mahaifiyarmu, ta sa a maimaita mata wurin da ya ce yana cin abinci. A shekarar da aka samu mulkin kai ya dawo da takardar dakta a fannin da suke kira fiziks, aka ɗauke shi koyarwa a jami'a. Na taɓa tambayar shi ina na'urorin aikinshi, ya ce shi ba ya cikin masu taɓa na'ura. Aikinshi alli ne da tunani. Wasu su auna, shi kuma ya zauna ya lissafa dalilin da ya sa abin ya fito haka, ko ya faɗa masu abin da za su gani tun ba su duba ba. Haske yake bi, da lokaci. Akwai 'yan siraran littattafai uku da aka buga a Turai da sunanshi a kai, suna cikin akwatina, na naɗe su da tsohon rawanin Baba.

In ya zo hutu ba ya zama a zaure a yi ta gaishe shi. Sai ya ce in taso mu taka. Wata rana da bazara lori ya lalace mana a hanyar Dutsin-Ma zuwa Kurfi, muka sauka muka kama tafiya a ƙasa da tsakar rana. Can gabanmu kan fako sai ga kawalwalniya tana ƙyalli kamar an zuba ruwa. Mutumin nan da kwat ɗinshi da takalmin Ingila ya tsaya cak, baki buɗe, sak yaron da ke ɓatar da maraƙi. Na ce mashi ƙaryar ruwa ce, mu tafi. Ya ce ba ƙarya ba ce, sama ce nake gani a ƙasa. Iskar da ke kan fako ta yi zafi, ta lanƙwasa hasken da ya gangaro daga sama, ta miƙo mani shi ta ƙasa, idona kuwa bai san haske na yin kwana ba. Ya ce abin da ruwan tafki ke yi wa sanda ke nan. Sannan ya ce akwai na uku, wanda ya fi hana shi sukuni. Ita kanta rana, saboda tsabar nauyinta, in hasken wani tauraro ya zo giftawa ta gefenta sai ya karkata, alhali a can babu ruwa, babu iska, babu komai. Burinshi ya samu lissafi ɗaya da zai kora su ukun nan tare, yadda makiyayi ɗaya ke kora garke.

A tafiyar nan ce ya gaya mani cewa ranar da nake gani ba ta yanzu ba ce, ta ɗazu ce. Haskenta ya baro ta tun kamar tsawon lokacin da za a dama fura a sha, yanzu yake isowa. Yallaɓai, ni mutum ne mai laka a ƙafa, amma tun daga ranar ban sake ganin fitowar rana yadda na saba ba. Nakan tsaya da cebur a hannu in ji kamar saƙo ne aka aiko daga nesa, ya yi ta tafiya shi kaɗai cikin sarari har ya faɗo kan bangon da nake yaɓewa. Ya kuma ce in mutum biyu suka daidaita agogo, ɗaya ya zauna, ɗaya ya yi tafiya da gudun da ya kusa na haske, in suka haɗu agogonsu ba zai yi daidai ba, kuma ba wanda nashi ya lalace. Na ce wannan ai ba sabon abu ba ne, agogon direban lorin Dutsin-Ma bai taɓa yin daidai da na kowa ba. Ya yi dariya har ya zauna a kan kututture.

Na uku, dalilin da ya sa malamin jami'a ya koma rubutu a bango, tunda na ji an ce a ofishinka mai hankali ba ya yin haka.

Shekara huɗu ya yi yana koyarwa tari ya kama shi, irin mai cin ƙirji. Likitoci suka ce ya bar aji ya huta. Bara gab da faɗuwar damina aka kawo mana shi gida da akwati biyu, ɗaya tufafi, ɗaya littattafai. Hutu kam bai yi ba. Kafin a yi noman biyu ya cinye duk takardun da ya zo da su, ya bi bayan ambulan, ya bi takardar sukari. Ga gulbi ya cika ya yanke hanya, lori ba ya zuwa. Sai ya aike ni wurin masassaƙi in karɓo mashi alluna sababbi, ya nace sai waɗanda ba a taɓa rubuta ayar Allah a kansu ba. Liman ya ba shi tawada da alƙalamin gamba. Ya zauna a zaure yana cika allo, in ɗaya ya cika ya jingine shi a bango ya ɗauki wani. Cikin wata biyu alluna goma sha ɗaya suka jeru.

To Inna tana shiga tana fita tana kallo. Ka duba da idonta, Yallaɓai. Ga ɗanta, wanda kowa ya ce babu mai iliminshi a ƙasar nan, yana tari kamar ƙirjin zai tsage. Ga alluna cike da rubutun hannunshi sun bushe, an jingine. Ita tun da ta tashi abu ɗaya ta sani game da allon da malami ya cika ya jingine a gidan da ke da majinyaci, wankewa ake yi a sha. A ganinta magani ya rubuta wa kanshi, kunya ce ko rashin ƙarfi ya hana shi wankewa, mu kuma 'ya'yan yau ba mu da kula. Ranar da na goya shi a keke zuwa Kurfi a yi mashi allura, ta yi alwala, ta ɗauko sabuwar ƙwarya, ta wanke su ɗaya bayan ɗaya, ba ta bar ko ɗigo ba. Da muka dawo sai ga alluna goma sha ɗaya an shanya a rana, fes, ga Inna tsaye da ƙwarya an rufe da faifai.

Ni dai na jingine keke ina jiran in ji ya fashe da faɗa. Isiyaku ya daɗe yana kallon allunan nan. Ya dubi Inna, ya ga yadda take murna. Sai ya zauna a bakin zaure, ya karɓi ƙwaryar da hannu biyu, ya yi bisimilla, ya kurɓa sau uku. Ya ce, "Inna, Allah ya saka. Yau na sha wata biyu." Ta ce Allah ya sa a dace, ta koma ciki tana share hawaye. Sai da ta ɓace ya fara dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya koma wani abu da ba zan rubuta a jarida ba. Daga baya ya ce mani rabin aikin yana nan a kanshi, rabin kuwa ya tafi, sai ya sake bin hanya tun daga farko. Har gobe Inna ta yi imani rubutun nan ne ya ƙara mashi watannin da ya yi, kuma ba wanda ya gaya mata wani abu daban.

Washegari ya ce in kai shi wurin Malam Sada. Ya roƙi aron tsohon aji, ya ce yana son abin rubutun da ba a iya ɗauka a kai bakin randa. Malam Sada ya ba shi makulli da hannunshi. Ko da hanya ta buɗe takarda ta samu, ya ƙi komawa kanta, ya ce a bango yana ganin aikin gaba ɗaya, kamar mai tsaye a kan tudu yana duban gonarshi. Ni na riƙa karɓo mashi gawayin ƙirya a maƙera, don shi ne ba ya dusashewa.

Na huɗu, abin da ke cikin ɗakin, tunda Yallaɓai bai shiga ba.

Wata bakwai ina kai shi kullum da safe a bayan keke, in ɗauko shi kafin azahar. Da farko a kan benci yake tsayawa yana rubutu can kusa da azara. Bayan wata biyu ya sauko yana yi a tsaye. Daga nan sai a kan kujera. Layukan ƙarshe a zaune ya yi su a kan tabarma, ya jingina kafaɗa da bangon, ba su fi taƙi ɗaya daga ƙasa ba. Ni da ban iya karanta ko harafi ɗaya a ciki ba, ina iya nuna maka watan da ƙafafunshi suka daina ɗaukar shi, da makon da hannun ya fara rawa.

Akwai taga ta kwano a bangon yamma, mai duban burtali. Ya sa na huda ta da ƙusa, huda ɗaya ƙarama. In hantsi ya yi ya gaji da rubutu, sai ya ce in rufe ƙofa in toshe ƙasanta da buhu. Mu zauna cikin duhu. Jim kaɗan, in ido ya saba, sai bangon gabas ya fara motsi. Shanun da ke wucewa rijiya su bayyana a kai, ƙafafu sama, ƙaho ƙasa, fari da ja da baƙi, suna tafiya a hankali ta cikin lissafin ba tare da ko ƙarar kofato ba. Gawon bakin hanya ya rataya da saiwarshi a sama. Matan ruga su gifta da ƙoren nono a ka, kai a ƙasa, nonon bai zube ba. Gajimare ya bi ta wajen ƙafafunmu. Ran farko na yi a'uziyya na tashi zan fita, ya riƙe mani riga, ya ce ba sihiri ba ne, haske ne ke bin hanyarshi miƙe, na sama ya faɗa ƙasa, na ƙasa ya hau sama. Ya ce haka duniya ke shiga idon kowa, a kife, mu ne muke miƙar da ita a ciki ba mu sani ba.

Ban san sau nawa muka zauna haka ba. Wani lokaci ya yi barci a kafaɗata, farar saniya na ratsa rubutunshi. Wani lokaci ya ɗaga gawayi ya ƙara abu ɗaya ƙarami, ya ce yawwa, kamar wanda ya ga ɓataccen maraƙi ya dawo da kanshi. Muna yara an raba mu, ni rumbu, shi boko, shekara kusan talatin ba mu yi zaman awa ɗaya tare ba tare da wani ya shigo gaisuwa ba. A sito ɗin nan aka mayar mani da ƙanena. Har yanzu in na gama shara da safe nakan shiga in rufe ƙofa in zauna, shanun kuma ba su fasa wucewa ba. Ina kewar shi ƙwarai, Yallaɓai, kuma nan ne kaɗai kewar ba ta yi mani nauyi.

Ya rasu farkon daminar bana, wata biyar ke nan. Kwana uku kafin nan ya sa na kai shi ɗakin, ya nuna mani da yatsa, ya ce, "Yaya, in abokin aikina ya zo, ka nuna mashi daga nan zuwa nan. Shi zai san ko na isa ko ban isa ba." Abokin aikin nan wani malami ne Ba'indiye da suka koyar tare. Malam Sada ya rubuta mashi, ya amso cewa ba shi da halin barin ɗalibai sai an yi hutun ƙarshen zango, amma ranar da aka tashi zai kamo hanya da takardu da abin ɗaukar hoto mai fitila. Ya ce a taimaka kada a taɓa komai. Wasiƙar tana hannun Malam Sada, duk mai so ya zo ya gani.

Na biyar, kada a ce na zauna na naɗe hannu, kuma a nan ne ƙorafina yake.

Na gwada kwafewa da kaina. Littafin rubutu uku na cika, ina zana kowane abu yadda na gan shi. Da na kai wa Malam Sada ya duba ya girgiza kai, ya ce waɗansu haruffan ba na boko ba ne, ba na ajami ba, ga ƙananan lambobi a sama da ƙasan kowane harafi, kuma a irin wannan lissafi ɗigo ɗaya na iya juya magana. Ni kuwa a bangon nan ban iya bambanta ɗigon Isiyaku da kashin ƙuda ba. Na ɗauko mai hoto na kasuwar Dutsin-Ma da akwatinshi mai ƙafa uku, ya shiga cikin baƙin mayafinshi ya fito, hoton ya wanku toka-toka, ba a ganin komai sai inuwar benci.

Sai na nufo ofishinka. Zuwan farko aka ce kana rangadi. Zuwa na biyu akawunka ya karanta mani umarnin da ƙarfi, ya maimaita wurin da aka ce ciki da waje har sau biyu, kamar kurma yake yi wa magana. Zuwa na uku motarka na nan a ƙofa, na ba masinja takardata, na zauna gindin dalbejiya tun hantsi har la'asar sakaliya. Ya fito ya miƙo mani ita yadda na ba shi, ko ninkin ba a warware ba, ya ce an ce rubutu a bango ƙazanta ne, kuma mugun misali ne ga 'yan makaranta.

Da wannan kaɗai ne da na haɗiye. Amma watan jiya da ka zo duba shirye-shirye, ka leƙa ƙofar sito, ba ka daɗe kamar mai atishawa ba, ka juyo ka tambayi wane mahaukaci ne ya ɓata bangon hukuma. Ina bayanka da makullai. Malam Sada ya buɗe baki zai yi bayani ka riga ka wuce wajen masai. Maganar nan ta yi mani zafi, har yau tana yi. Abin da ya ƙara mata zafi, a ranar rabon kyauta ta shekarar da ta wuce kai da bakinka ka ambaci Dakta Isiyaku a gaban iyayen yara, ka ce ga ɗan ƙasar Kurfi da ya kai inda Turawa suka kai, kowa ya saki ɗanshi ya yi boko. Aka yi tafi. A lokacin yana cikin sito, bango biyu tsakaninku, yana tari yana rubutu. Ban ce ka san rubutunshi ne ka kira na mahaukaci ba. Na ce ba ka tambaya don a ba ka amsa ba.

Kuma Yallaɓai, bari in faɗi abin da na sani a sana'ata. A shekaruna a makarantar nan baƙi tara na yi wa shafe. Na shafe azuzuwa, na shafe duwatsun bakin hanya, na shafe gindin itatuwa har gwiwa, na shafe tsagar bangon aji biyu da na sha kai ƙara a gyara ba a gyara ba. A cikin taran nan babu wanda ya taɓa zagayawa bayan makaranta, balle ya ce a buɗe mashi sito. Sukan sauka, yara su yi waƙa, a sha ruwa, a sa hannu a littafi, mota ta tashi. Bangon da ba mai gani za a shafe don mutumin da ba zai gan shi ba, alhali mai son ganin shi yana hanya.

Ba zan yi maka ƙarya in ce na san darajar abin da ke bangon ba. Mai yiwuwa babban abu ne. Mai yiwuwa kuma zazzaɓi ya ɓatar da shi a tsakiya, Ba'indiyen ya duba ya ce babu komai. In haka ne na yarda, zan ɗauki buroshi a ranar. Amma a bari mai ido ya faɗa. Kada ya zama ni da ban iya karantawa ba, da akawun da bai taɓa gani ba, mu ne muka yanke wa aikin wata bakwai na mai mutuwa hukunci.

Saboda haka ga roƙona, cikin ladabi.

A cire bangon gabas na sito daga cikin umarnin har malamin nan ya zo ya kwafe. Sauran bangaye duka zan shafe su, in ana so har sau biyu, kuma zan gama kafin ranar. In ana tsoron baƙo ya leƙa, a kulle sito a ba ka makullin ka riƙe a aljihunka, ko in rataya asabari ya rufe bangon ruf.

In an amince, a rubuto wa Malam Sada a takarda, ko layi biyu ne. Mutumin kirki ne mai iyali, tsoro yake ji, kuma ba na son alherin da ya yi wa ƙanena ya zame mashi laifi.

In kuwa an ƙi, to ina da roƙo na ƙarshe, kuma shi ne wanda ba zan janye ba. Farar ƙasa na nan na jiƙa ta a duro, buroshi na nan, tsani na nan. A turo wani daga Dutsin-Ma ya yi bangon nan, zan buɗe mashi ƙofa, zan nuna mashi inda ruwa yake, sannan in tafi gona. In ƙin da na yi ya isa kora, a kore ni, shekara goma sha tara ba ta fi ƙarfin Allah ba. Ni na yi wa Isiyaku wanka, ni na shiga kabari na karɓe shi, ni na fara tura ƙasa. Na rufe shi sau ɗaya da hannuna, Yallaɓai, ba zan rufe shi sau biyu ba.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya sa ka gama da aikinka lafiya, ya raya maka zuriya, ya jiƙan magabatanka da namu. Ina sauraron amsa.

Wassalam.

Ni ne naka mai biyayya,
Mamman Magini,
Leburan makarantar Unguwar Gawo, ƙasar Kurfi.